GYARA KAYANKA: An Sa Sabon Akwatin Wuta, To Wa Ya Gwada Tsofaffin Wayoyin?

  

A cikin wasiƙun da suka iso mana akwai guda biyu da suka zo da kuka kusan iri ɗaya, shi ya sa na ga ya dace in haɗa su in amsa gaba ɗaya. Ta farko wata amarya ce daga Kano. Ta ce angonta ya gyara mata sashe a tsohon gidansu na gado, an yi fenti, an sa tayil, an cire tsohon akwatin fis an kafa sabo mai birekoki a jere, gwanin sha'awa. Amma tun ranar da ta tare, da ta jona dutsen guga sai wutar sashen ta ɗauke. Aka kira mai wayarin ya zo ya taɓa wani abu a cikin akwatin, daga ranar wuta ba ta sake ɗaukewa ba, sai dai yanzu firjinta ne ke ɗan janta idan ta taɓa shi ba takalmi. Maigidan ya ce mata haka wutar take, za ta saba. Ta biyun kuwa uwargida ce daga Katsina, ita ma an canza musu akwati da za a kawo mata abokiyar zama. Yanzu duk lokacin da amarya ta kunna fitilar barandarta sai ɗakin uwargida ya yi duhu ɗulum, har magana ta kai ga ba sa ga-maciji, kowacce tana zargin 'yar uwarta da mugun nufi.

Bari in fara da ke amaryar Kano, domin naki ba ya jira. Ki zare filogin firjin nan yau ɗin nan, kada ki bari sai gobe, ko da naman da ke ciki zai lalace. Ba a sabawa da jan wuta. Firjin da ya ja ki kaɗan kina tsaye a busasshen tayil, ranar da kika yi mofin ƙafarki da danshi ba kaɗan zai yi miki ba. Kuma ki faɗa wa maigida cikin ladabi, bayan ya ci abinci ya huta, cewa abin da mai wayarin nan ya yi ba gyara ba ne, toshe bakin mai gadi ya yi don kada ya yi ihun ɓarawo. Sauran bayanin ki ba shi wannan shafi ya karanta da kansa.

To, mu koma tushen maganar. Abin da ke faruwa a yawancin gidajenmu shi ne, idan biki ya matso, ko an samu ɗan buɗi, sai maigida ya ce a sabunta wuta. Mai wayarin ya zo, ya ɓalle tsohon akwatin nan mai fis na tangaran, ya kafa sabo fari tas, ya tura tsofaffin wayoyin ciki ya ɗaure, ya ɗaga bireka, ƙwai ya kawo haske, fanka ta juya. Sai ka ji ya ce, Alhaji an gama. Alhaji ya ce madalla, ya zaro kuɗi. Babu wanda ya tambayi lafiyar wayoyin da ke binne cikin bango da waɗanda ke kwance a saman silin tare da ɓeraye. Gidan da aka yi wa wayarin a 1985, yau wayarsa ta kai shekara 40 tana shan zafin Afrilu da yoyon Agusta. A lokacin da aka ja ta, kayan wutar gidan ba su wuce ƙwai biyar da fanka da rediyo ba. Yau kuwa a jeren amarya ɗaya kawai akwai firji, da butar lantarki, da hita, da risho na wuta, da injin markaɗe, da talabijin mai faɗin ƙofa, wata ma har da na'urar sanyaya ɗaki. Sabon akwati a kan irin wannan waya, ba tare da gwaji ba, shi ne Hausawa ke kira kitso da ƙwarƙwata.

Kada kuma wani ya ce ai wannan aikin 'yan NEPA ne. Ita NEPA ɗin da bakinmu ya saba da ita tun 1972, an canza mata suna zuwa PHCN a 2005, aka kuma miƙa rarraba wuta ga kamfanoni a 2013, irin su KEDCO mai kula da Kano da Katsina da Jigawa. Ko a da ko a yanzu, hidimarsu a kan mita take tsayawa. Daga mita zuwa cikin ɗakinki, nauyin yana wuyan mai gida.

Me ya bambanta tsohon akwati da sabo? Shi tsohon fis abu ɗaya ya sani: idan wutar da ke bi ta cikinsa ta yi yawa ƙwarai, siririyar wayar nan ta narke, shi ke nan. Ana yin su ne da awo, mai amfiya 5 don fitilu, mai 15, mai 30 don soket. Wannan ma idan ba a riga an cire wayar asali an naɗa jan ƙarfe mai kauri ba, ko ƙusa, kamar yadda muka san ana yi. Amma wuta ta riƙa tsiyaya ta jikin bango mai danshi, ko ta jikin firji, ko ta jikin mutum, wannan bai dami fis ba, ko gezau ba zai yi ba. Sabon akwati na kirki kuwa, bayan ƙananan birekoki da suka maye gurbin fis, yana da wata babbar bireka mai ɗan maɓalli a goshinta, masu sana'ar suna ce mata RCD, wasu kuma ELCB. Ni dogariya nake kiranta. Aikinta ƙidaya ne: tana auna wutar da ta fita ta jar waya, tana auna wadda ta dawo ta baƙar waya. Idan ta ga an samu giɓi, wato wani abu ya zurare ta wata hanya, da giɓin ya kai miliamfiya 30 sai ta yanke wuta nan take. Ku lura da lissafin nan: fis mai amfiya 30 ya ninka miliamfiya 30 har sau 1,000. Jikin ɗan Adam kuwa, miliamfiya 10 ta isa ta ƙanƙame masa hannu ya kasa sakin abin da ya riƙe, wadda ta haura 50 in ta ratsa ƙirji tana iya rikita bugun zuciya. Wato kafin tsohon fis ya san ana yi, an daɗe da yin salati a gidan.

Saboda haka idan aka sa sabon akwati dogariya ta fara faɗuwa, ba ita ce ta lalace ba. Ciwo ne da ya daɗe a cikin bango ta gano, wanda tsohon fis ya yi shekaru yana kawar da kai a kansa. Mai wayarin da ya san aikinsa zai bi layi-layi ya nemo inda wutar ke tsiyaya. Wanda kuma yake sauri ya tafi wani aikin, sai ya ɗauko guntuwar waya ya yi wa dogariyar gada, wuta ta tsallake ta. Daga waje akwatin yana nan da kyansa, a ciki kuwa an yi wa mai gadi dabaibayi. Ina kyautata zaton abin da aka yi wa amaryarmu ke nan, kuma da zan ga mai wannan aiki da na tambaye shi ko zai yarda a yi haka a ɗakin mahaifiyarsa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Gwajin nan ya kamata a fara shi ne tun kafin a ɓalle tsohon akwati, don a san abin da ke ƙasa, a yi cinikin aikin gaba ɗaya, kada sai an kafa sabo a zo ana jayayya a kan ƙarin kuɗi, amarya kuma gobe za a kawo ta. Sa'an nan a sake yin sa bayan an kafa. Ga yadda ma'aikacin kirki yake yi, don ko ba ki iya ba, ki gane in ana yi.

Da farko zai kashe wuta daga tushe, ba ta NEPA kaɗai ba, har janareta da inbata in akwai sola a gidan, domin mutane da yawa sun sha mamaki a hannun batir bayan sun ɗauka an ɗauke wuta. Zai tabbatar layin ya mutu da na'urar awo ta sosai. Sukudireban nan mai ɗan jan ƙwai da suke maƙalawa a aljihu kamar biro, shaidarsa ba ta da ƙarfi, yakan yi haske babu dalili, yakan kuma yi shiru alhali akwai wuta. Daga nan sai aikin ido da hanci. Ya kwance soket-soket da makunnai, ya leƙa silin da tocila. Soket ɗin da ya yi baƙi a gefen rami, ko yake warin ƙonannen kifi alhali ba a soya kifi a gidan ba, noti ne ya saki a ciki yana zafi. Wayar da aka murɗe da wata aka naɗe da leda, wayar da ɓera ya ɓare, wayar da robarta ta bushe tana karyewa kamar ƙuli-ƙuli, duk a nan ake ganinsu. Idan ma'aikaci ya gama miki aiki rigarsa ba ta kwashi ƙurar silin ba, to bai duba komai ba.

Sai maganar wayar ƙasa, koriyar nan, ko mai ratsin kore da rawaya, wadda suke kira at. A nan zan ɗan daɗe, don a nan yawancin gidajenmu suke faɗuwa jarrabawa. Kin ga soket ɗinmu mai rami uku? Gadon Ingila ne, can aka fito da shi a 1947, mu kuma muka ɗauko shi tare da sauran tsarin wutarsu. Ramuka biyun ƙasa su ke kai wuta su dawo da ita. Babban ramin sama kuwa hanyar tsira ce: shi ke haɗa ƙarfen jikin firji, ko dutsen guga, ko hita, da wani sandan jan ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa a tsakar gida. Idan jar waya ta goge ta taɓa jikin firji, sai wutar ta bi wannan hanya ta shige ƙasa, dogariya ta ji giɓi ta faɗi, tun kafin kowa ya kai hannu. Idan babu wannan hanya, wutar tana nan laɓe a jikin ƙarfen tana jiran wanda zai zame mata hanya, ko ke, ko ɗan da ke rarrafe.

Wallahi da za a kwance soket ɗin gidaje da yawa, za a tarar ramin saman nan fanko ne, waya biyu kawai aka ja don a rage kuɗi. Wani gidan an ja ta ukun, amma ta tsinke a wani wuri cikin silin. Wani kuma a zamanin da, an ɗaure ta ne a jikin bututun ruwa na ƙarfe, da ya yi tsatsa aka canza shi da na roba, ba wanda ya tuna cewa an raba gidan da ƙasa ke nan. Ido ba ya ganin wannan. Sai an sa na'ura an bi kowane soket ɗaya bayan ɗaya, har wanda ke bayan kabad da na bayan gado, a ga cewa hanyar ta kai har akwati ba ta yanke ba. Haka hitar banɗaki da injin jan ruwa, su ma a gwada jikinsu, don inda ruwa yake nan haɗarin ya fi.

Shi kansa sandan ƙasa yana da nasa awon. Ƙasa mai danshi tana karɓar wuta da sauƙi, busasshiya kuwa ƙi take yi. Sandan da ya ba da sakamako mai kyau a watan Agusta, idan aka dawo masa a Maris ƙasa ta bushe ƙamas, labarin ya canza. Don haka a ƙasarmu ta Hausa awon rani shi ne awon gaskiya. Littafin ƙa'idar wayarin na Ingila, wanda aka fara bugawa tun 1882 kuma har yau ana sabunta shi, ya yi gargaɗin cewa sandan da awonsa ya haura om 200 ba abin dogaro ba ne. Masu aikinmu sun saba zuba gawayi da gishiri a ramin don a samu sauƙin awo. Yana taimakawa na ɗan lokaci, sai dai gishiri yana cin ƙarfe, bayan wasu shekaru a tona a tarar da sandan ya zama tarihi. Ƙara tsawon sanda ya kai ga danshi, ko a kafa biyu a haɗa su, ya fi ɗorewa.

Gwaji na gaba shi ne na rigar waya, wato robar da ta lulluɓe jan ƙarfen. Akwai na'urar da aka yi musamman don wannan, wadda ma'aikata ke kira da sunan kamfanin Megger ko da ba shi ya ƙera ta ba. Wutar gidanmu bolt 230 ce. Ita na'urar nan bolt 500 take turawa cikin layin, ta ga ko robar za ta iya riƙewa. Ƙa'ida ta ce kada awon ya gaza om miliyan 1, sabuwar waya mai lafiya kuwa ɗaruruwan miliyoyi take nunawa. Layin da ya tsaya kusa da iyakar nan, ko ya ci jarrabawa da ƙyar, yana neman bincike. Nan ake kama ƙusar da kafinta ya buga ta ratsa waya ranar da ake kafa labule, da wayar fitilar waje da ruwan sama ya shiga, da wadda gara ta yi wa gida. Uwargida, naki aikin a nan shi ne ki tabbatar an zare komai daga soket kafin a fara, talabijin da sitabilaiza da cajar waya, a kuma kwance ƙwayayen fitila na zamani, domin bolt 500 ba ta yi musu daɗi. Idan ma'aikaci bai ce miki a zare kaya ba, alama ce ba shi da niyyar yin wannan gwajin.

Akwai kuma abin da ake kira juyin waya. Makunni dole jar waya zai yanke, mai ɗauke da wuta. Idan aka yi kuskure aka sa shi a kan baƙar, fitila za ta mutu in an kashe, za ta kama in an kunna, ba mai gane komai, amma mazaunin ƙwan yana nan da wuta dare da rana. Ranar da ƙwai ya ƙone aka ɗora yaro a kan turmi ya canza, an kashe makunni an saki jiki, ranar ake sanin an juya. A soket ma haka ne, in kina fuskantarsa mai wutar tana dama. Abin ya ƙara rikicewa tun da Ingila ta canza launin wayoyinta tsakanin 2004 da 2006, ja ta koma ruwan ƙasa, baƙa ta koma shuɗiya. Kasuwarmu kuwa ta kowa ce, sai ka tarar da launi huɗu a akwati guda, tsoho da sabo a cakuɗe. Launi ba shaida ba ne, na'ura ce shaida.

Yanzu bari in waiwayi uwargidan Katsina. Hajiya, ki kwantar da hankalinki, amaryarki ba ta yi miki komai ba, ba kuma aljanu ba ne. Abin da na fi zato shi ne, lokacin da aka ƙara wannan sashe, mai wayarin ya ɗauko jar wayar fitilar baranda daga layin amarya, da ya ga baƙar waya ta yi masa nisa sai ya ari ta layinki da ke kusa. Muddin fis ne a gidan, wannan aro ba ya tonuwa. Da aka sa sabon akwati, kowane sashe da dogariyarsa, sai ya zama wuta ta fita ta ƙofar amarya ta dawo ta ƙofarki. Lissafi ya ƙi daidaita, dogariya ta faɗi, wani lokaci ma duka biyun. Maganinsa a ja wa fitilar nan tata baƙar wayar, aikin yini ɗaya bai cika ba. Kada a yarda a ce za a haɗe sassan biyu a kan dogariya ɗaya a rufe maganar, domin wayar aro tana da wani sharrin: ma'aikaci ya kashe birekar layinki ya ɗauka ya mutu, ya kama baƙar waya, ashe wutar amarya na bi ta ciki. Ki aika mata da kwanon abinci yau da daddare, ku haɗa baki ku biyun ku tsare Alhaji a kan gyaran. Na san dai in kuka haɗa kai ba zai kai Juma'a bai kira mai aiki ba.

Wani abin da nake so masu gida su riƙe shi ne girman bireka. Bireka waya take karewa, don haka da kaurin waya ake auna ta. Siririyar wayar fitilu, mai milimita 1.5, birekarta amfiya 6 ce ko 10. Ta soket mai 2.5, idan layi ne miƙaƙƙe, 16 ko 20. Ana sa mata 32 ne kawai idan an ja ta zobe, wato ta fita daga akwati ta zaga soket-soket ta dawo akwati, kaya ya rabu hanya biyu. To idan zoben ya tsinke a tsakiya fa? Kowane soket zai ci gaba da kawo wuta kamar babu abin da ya faru, amma kayan da aka yi don mutum biyu ya koma kan mutum ɗaya. Shi ya sa ake gwada zobe daga bakinsa zuwa bakinsa kafin a ɗora masa 32. Mu yi lissafin kicin ɗin amarya da safe: buta mai wat 2,000, dutsen guga mai 1,200, risho mai 1,500. Jimla 4,700, a raba da 230, an haura amfiya 20. Idan soket ɗin kicin ɗin daga wayar fitila aka jawo shi, kamar yadda ake yi in an mai da shago ko sito ya zama kicin, kuma aka bi duk akwatin aka jera 32 don kada mai gida ya riƙa kira, wayar za ta yi ta dahuwa a cikin silin bireka na kallonta. Balle a ce wayar irin ta araha ce, wadda aka rubuta 2.5 a jiki amma cikinta bai kai ba, ko gorar ruwa ce aka shafa wa jan ƙarfe. Araha dai ba ta ado. Ga hunturu, katako ya bushe, iska na kaɗawa, Allah Ya tsare mu da gobarar dare.

Na janareta kuwa a taƙaice: a duba makunnin canjin nan da ke raba wutar NEPA da ta inji, a tabbatar yana raba su sarai. Masu cusa wutar inji ta soket da waya mai filogi kai biyu, su sani wutar tana iya komawa kan layin titi ta sami ma'aikacin da ke saman turke, wanda shi ma yana da mata da 'ya'ya suna jiransa.

Bayan duk wannan ne ake mai da wuta, a yi gwajin ƙarshe. A auna a ga in an samu matsala a soket mafi nisa, wutar za ta taho da ƙarfin da zai kayar da bireka da wuri. A kuma gwada dogariya da na'ura mai ƙidaya lokaci: a miliamfiya 30 dole ta faɗi kafin kashi 3 cikin 10 na daƙiƙa. Ɗan maɓallin goshinta kuwa naki ne, uwargida. Ki danna shi duk bayan wata 6, lokacin da akwai wuta, in ta faɗi ki ɗaga ta. Don kada ki manta, ki haɗa shi da abin da ba ya wuce ki, ki ce da watan azumi da kuma watan Maulidi. Ranar da kika danna ta ƙi faɗuwa, ko ta mutu ko an yi mata gada. Ki kuma sani tana da iyaka: yaron da ya cusa ƙarfe biyu a ramukan soket biyu ya riƙe, wutar ta shiga ta nan ta fita ta can, lissafinta zai iya cika daidai ta yi shiru. Soket na ƙwarai yana da ɗan murfi a ciki mai rufe ramukan ƙasa, kada a karya shi don a cusa filogi mai ƙafa biyu.

Kafin a sallami ma'aikaci, ya rubuta a ƙarƙashin kowace bireka inda take aiki, da Hausa ko da ajami ma in shi mutan gidan suka fi ganewa: ɗakin Hajiya, kicin, famfo, zaure. Ya kuma ba da takarda mai ɗauke da awon kowane layi, da kwanan wata, da sa hannunsa. A Ingila wannan takarda dole ce, kuma tun 2020 doka ta wajabta wa masu ba da haya a gwada musu wayarin aƙalla duk shekara 5. Tun Janairun 2016 ma suka ce akwatin wutar gida ya zama wanda ba ya cin wuta, shi ya sa suka koma na ƙarfe, saboda gobarar da notin da ya saki ke tayarwa a cikin na roba. Mu ma nan Nijeriya akwai hukumar NEMSA, wadda doka ta kafa a 2015, ita ke duba ayyukan lantarki tana kuma ba ma'aikata shaidar ƙwarewa. Ba rashin kunya ba ne maigida ya ce, Malam, kana da takardarsu? Ina na'urorinka? Wanda ya zo da filaya da sukudireba kawai a aljihu, zai iya kafa akwati, amma gwaji ba shi da abin yin sa.

Na san wani zai ce wannan duk ƙarin kuɗi ne, ga lefe, ga sadaki, ga hayar wurin dina, ga masu hoto. Gaskiya ne, ma'aikaci mai na'ura ya fi mai filaya tsada, kuma gidan mai ɗaki huɗu zai ci masa yini guda cur ana zaune ba wuta. Ni dai na ga ana kashe wa fulawar da za a zubar washegarin biki abin da ya isa wannan aiki. Iyayen amarya ma, ku da kuke zuwa ganin ɗaki kuna auna bango da igiya don a san girman gado da kujeru, ku riƙa tafiya da wani namiji daga cikin dangi ya tambayi takardar gwajin wuta. Kayan da kuka yi shekaru kuna adashi kuka tara, a jikin wayar nan za a jona su, 'yarku kuma ita za ta wuni a gidan ita kaɗai ango yana kasuwa. Masu zaman haya su ma su tambaya kafin su biya kuɗin shekara, don bayan an biya, mai gida ba ya jin kira.

A fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu, za mu duba wasiƙar wata baiwar Allah daga Gusau a kan inda ya kamata a ajiye janareta da dare, da abin da hayaƙinsa ke yi wa masu barci a rufaffen ɗaki. A ci gaba da aiko da wasiƙu, a riƙa rubutu a fili yadda zai karantu. Wassalam.